Awon Girman Furoton da Karkatar Tsammani a Binciken Fiziks na Zamani

Tsakure

A shekarar 2010 wani awo da aka yi a ƙasar Suwizalan ya nuna cewa furoton bai kai girman da masana suka daɗe suna ba shi ba. Ƙimar da aka amince da ita a lokacin femtomita 0.877 ce, sabon awon kuwa ya ba da 0.842. Wannan maƙala ta bi diddigin saɓanin daga tushensa, domin gano ta waɗanne ƙofofi abin da mai bincike yake tsammani ke shiga cikin sakamakonsa ba tare da ya yi ha'inci ba. Matsayar maƙalar ita ce, karkatar da ta fi yin ɓarna a wannan batu ita ce rashin daidaito wajen neman kuskure: ana tsananta bincike a kan sakamakon da ya saɓa wa tsammani, ana sassauta wa wanda ya dace da shi.

1.0 Gabatarwa

Batun nan ya samo asali ne a yankin da ke kewaye da filin jirgin sama na JFK, a birnin New York. Kudu da filin jirgin, a ƙetaren ruwa, akwai unguwar Far Rockaway inda Richard Feynman ya tashi. A Manhattan akwai Jami'ar Columbia, inda Willis Lamb da Robert Retherford suka auna, a 1947, wani ɗan bambancin makamashi a cikin atam ɗin haidirojin wanda nazariyyar Dirac ta ce babu shi. Can gabashin Long Island akwai Shelter Island, inda aka tattauna sakamakon a watan Yunin 1947, a kan hanyar zuwa can kuma akwai cibiyar bincike ta Brookhaven. Robert Hofstadter, wanda ya fara auna girman furoton, haifaffen birnin nan ne, kuma a City College ya yi digirinsa na farko.

Manufar maƙalar biyu ce. Ta farko, bayyana yadda ƙimar da a yau ake ganin ta yi yawa ta kafu har ta shiga jadawalin hukuma. Ta biyu, auna ko sabuwar ƙimar da aka koma kanta ta tsira daga irin wannan cuta.

1.1 Fashin Baƙin Kalmomi

Furoton ba shi da baki ko iyaka kamar ƙwallo. Abin da ake kira girmansa shi ne rabin-faɗin cajinsa, wato matsakaicin nisan da cajin lantarkinsa ya bazu daga tsakiya. Ana auna shi da femtomita, wanda shi ne abin da za a samu idan aka raba milimita ɗaya gida tiriliyan ɗaya. Da furoton zai kai ƙwayar gero, da atam ɗin haidirojin ya kai filin ƙwallo.

Tazarar shakka ita ce adadin da ake rubutawa bayan alamar ±, kuma sigima ita ce mudun da ake ƙirga nisan sakamako biyu da shi, gwargwadon tazarar shakkarsu. A al'adar wannan fage, sigima biyar ita ce iyakar da ake daina danganta saɓani da tsautsayi. Karkatar tsammani kuwa, a wannan maƙala, tana nufin jan da ƙimar da aka riga aka sani ke yi wa sabon awo. An guji kiran ta son zuciya da gangan, domin son zuciya yana ɗauke da zargin niyya, alhali babu hujjar zargin kowa da mummunar niyya a tarihin da za a kawo.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Feynman, a jawabinsa na bikin yaye ɗalibai a Caltech a 1974, ya kawo misalin cajin elektiron. Ƙimar da Robert Millikan ya wallafa a 1913 ta ɗan gaza ta gaskiya saboda ya yi amfani da adadi marar inganci na kaurin iska. A bayanin Feynman, waɗanda suka biyo baya sukan tsananta neman kuskure idan sakamakonsu ya yi nisa da na Millikan, su sassauta idan ya yi kusa. Henrion da Fischhoff (1986) sun ɗora wannan zance a kan alƙaluma, inda suka nuna cewa masu auna ƙa'idojin fiziks sukan ƙaranta tazarar shakkarsu. Misalinsu mafi fitowa fili shi ne gudun haske: a 1941 Raymond Birge ya ba da shawarar kilomita 299,776 ± 4 a daƙiƙa, alhali ƙimar da aka tsayar a yau 299,792.458 ce. Kuskuren ya ninka tazarar shakkar sau huɗu. Klein da Roodman (2005) sun tattara dabarun kariya daga wannan matsala a fagen nukiliya da ƙananan ƙwayoyi.

A kan furoton kansa, ra'ayoyi uku suka fito bayan 2010. Wasu sun ga alamar wani sabon ƙarfi da ke bambanta elektiron da muwon, ƙwayar da aka yi sabon awon da ita. Wasu sun ce akwai ɓoyayyen kuskure a ɗaya daga cikin hanyoyin awon. Rukuni na uku, wanda Ulf-G. Meißner na Jami'ar Bonn da Hans-Werner Hammer suka fi fice a cikinsa, ya dage cewa tun asali babu wani abin mamaki, domin lissafinsu ya daɗe yana ba da ƙaramar ƙimar. Abin da ayyukan nan ba su cika haɗawa ba shi ne tarihin furoton da nazarin karkata na gaba ɗaya.

3.0 Hanyar Nazari

An jera ƙimomin da aka wallafa bisa tsarin shekaru, daga 1955 zuwa gyaran 2022 na CODATA, kwamitin da ke tsayar da ƙimomin hukuma. An yi wa kowane awo tambaya uku: shin masu binciken sun san amsar da ake tsammani lokacin da suke nazarin bayanansu? Zaɓi nawa ne ya rage a hannunsu bayan an gama tattara bayanai? Kuma me ya sa suka tsaya da neman kuskure a inda suka tsaya? Jerin alƙaluma kaɗai ba ya tabbatar da karkata, domin awo biyu na iya dacewa da juna saboda na'ura iri ɗaya ko nazariyya iri ɗaya. Saboda haka an taƙaita hukunci a wuraren da ake iya nuna zaɓin da aka yi da abin da ya haifar.

4.0 Nazari

4.1 Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ita ce hanyar harbi. Ana harba elektiron a kan haidirojin, a ƙirga nawa ne suka kauce zuwa kowace kusurwa. Ita ce Hofstadter ya buɗe a Stanford a tsakiyar shekarun 1950, wadda ta kai shi ga kyautar Nobel a 1961. Wahalarta ita ce, girman furoton yana fitowa ne daga gangaren layin bayanai a daidai wurin da bugun da elektiron ke yi wa furoton ya zama sifiri, wurin da elektiron ba ya kaucewa ko kaɗan, kuma ba a iya yin awo a can. Dole a auna a kusa, sannan a miƙa layi zuwa inda ido bai kai ba.

Hanya ta biyu ita ce awon matakan makamashin atam da hasken leza ko igiyar rediyo. A nan ne gocin Lamb, wato bambancin makamashin da Lamb da Retherford suka auna, ya shigo. Elektiron da ke matakin 2S yakan ratsa ta cikin furoton, na matakin 2P kuwa ba ya yi. Idan yana ciki, jan da yake ji yakan ragu, don haka girman furoton yana ɗan ɗaga matakin 2S. A haidirojin na yau da kullum gocin ya kai kimanin megahaz 1058, amma rabon girman furoton a ciki bai wuce 0.14 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu bakwai da ɗoriya. Sauran duk aikin nazariyyar QED ne, wadda Hans Bethe ya yi mata lissafin farko a cikin jirgin ƙasa bayan taron Shelter Island, ya sami 1040.

Hanya ta uku reshen ta biyu ce. Ana cire elektiron a sa muwon a madadinsa. Muwon ya ninka elektiron nauyi sau 207, saboda haka yana kewaya furoton a kusa ƙwarai, har rabon girman furoton a gocin Lamb ya haura zuwa kusan kashi biyu cikin ɗari. Sai dai matsakaicin rayuwar muwon miliyan-daƙiƙa 2.2 ne kawai, wato kashi biyu da ɗigo biyu cikin miliyan na daƙiƙa.

4.2 Yadda Babbar Ƙimar Ta Kafu

Hand, Miller da Wilson sun tattara bayanan harbi a 1963 suka sami 0.805 ± 0.011. Simon da abokan aikinsa a Mainz sun sami 0.862 ± 0.012 a 1980. Ingo Sick ya sake nazarin bayanan duniya a 2003 ya sami 0.895 ± 0.018. CODATA, kwamitin da ke tsayar da ƙimomin hukuma, ya ba da 0.8768 ± 0.0069 a gyaran 2006. A 2010 ƙungiyar A1 ta Mainz, a aikin da Jan Bernauer ya jagoranci nazarinsa, ta wallafa awo sama da 1,400 da suka ba da 0.879 ± 0.008. Hawan da ƙimar ta yi daga 0.805 zuwa 0.88 ya ninka tazarar shakkar 1963 fiye da sau shida. Wannan kaɗai ya isa gargaɗi cewa tazarar shakka a wannan fage ba ta cika faɗin gaskiyar shakkar ba.

4.3 Neman Alama a Inda Ba Ta

Ƙungiyar CREMA, wadda Randolf Pohl yake cikin jagororinta, ta fara shirin awo da muwon a cibiyar Paul Scherrer da ke Villigen tun ƙarshen shekarun 1990. Aikin mai wuyar gaske ne. Kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na atam ɗin da suka kama muwon ne ke tsayawa a matakin 2S, kuma dole lezar ta tashi cikin kusan miliyan-daƙiƙa ɗaya bayan shigar muwon. Idan launin lezar ya dace, atam ɗin yakan fitar da hasken eksire, kuma ko a daidai wurin, 'yan ƙalilan ake gani a awa guda. Ba a iya share dukkan zangon launuka da irin wannan tafiyar hawainiya. Tilas a zaɓi inda za a duba, kuma babbar ƙimar ce ta nuna wurin.

An duba a 2003 ba a ga komai ba. An sake a 2007, haka nan. A duka lokutan biyu an ɗora laifin a kan na'ura, aka koma aka gyara lezar. Sai a watan Yulin 2009, lokacin da aka ba su ya kusa ƙarewa, suka matsa zuwa ɓangaren da ya dace da ƙaramin furoton, alamar ta bayyana, gigahaz 75 daga inda lissafi ya ce za a same ta. Pohl da abokan aikinsa sun wallafa 0.84184 ± 0.00067 a mujallar Nature a Yulin 2010, sigima biyar daga ƙimar hukuma. A 2013 Antognini da abokan aikinsa suka ƙara tace ta zuwa 0.84087 ± 0.00039, saɓanin ya kai sigima bakwai.

Adalci ya wajabta a ce gyaran lezar ba aikin banza ba ne, domin ƙaruwar yawan abin da ake gani a awa ta taimaka wajen fitowar alamar. Duk da haka tsarin zargin abin lura ne. Da aka rasa alama, na'ura aka tuhuma sau biyu, ba a tuhumi adadin da ya nuna wurin dubawa ba. Bambancin ƙimomin biyu kashi huɗu cikin ɗari ne, kwatankwacin tiya ɗaya da rabi a buhu mai tiya arba'in. Mai awon hatsi da ya san buhu arba'in yake ci, idan ya ƙirga ya sami talatin da takwas zai zazzage ya sake, idan kuwa ya sami arba'in sai ya ɗinke bakin buhu. Bai cuci kowa da niyya ba, amma kuskuren da ya kai shi ga arba'in ba zai taɓa kama shi ba.

4.4 Bayanai Ɗaya, Amsa Biyu

Bayanan Mainz su ne mafi yawa da aka taɓa tattarawa ta hanyar harbi, kuma ƙungiyar ta sake su ga kowa. Abin da ya biyo baya darasi ne. Lee, Arrington da Hill (2015) sun sami 0.895 ± 0.020 daga cikinsu. Griffioen, Carlson da Maddox (2016) sun taƙaita ga ɓangaren ƙaramin bugu suka sami 0.840 ± 0.016. Horbatsch da Hessels (2016) sun nuna cewa ana iya samun ƙima daga 0.84 zuwa 0.89, gwargwadon siffar layin da aka zaɓa da yawan bayanan da aka ɗauka, kuma duk layukan suna bin bayanan daidai gwargwado.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Layi mai sauƙi, mai 'yan lanƙwasa kaɗan, yakan ba da ƙaramar tazarar shakka amma yana iya kauce wa gaskiya gefe guda. Layi mai lanƙwasa da yawa yana bin bayanai sosai amma yakan yi lilo a wurin miƙawa. Bugu da ƙari, bayanan Mainz suna da ma'aunan daidaitawa 31 da ake tsayarwa tare da layin. Bernauer, wanda yanzu yake koyarwa a Jami'ar Stony Brook, ya kare matsayinsa da hujjar cewa gajerun layuka suna jan ƙimar ƙasa, kuma hujjar tana da ƙarfi a lissafi. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, duk nazarin da aka yi bayan Yulin 2010 an yi shi ne da sanin amsoshi biyun da ke takara. Wanda layinsa ya ba shi 0.86 yana da dalilin sake gwada wani layin. Wanda ya sami 0.84 ko 0.88 yana da dalilin tsayawa.

4.5 Matsakaicin da Ya Fi Sassansa Ƙarfin Murya

A haidirojin na yau da kullum abu biyu ne ba a sani ba, girman furoton da ƙa'idar Rydberg, don haka ana bukatar awo biyu. Na farko shi ne tsallaken 1S zuwa 2S, wanda aka auna a Garching da ingancin da ya kai lambobi kusan goma sha biyar. Na biyun ana ɗauko shi daga wasu tsallake-tsallake da ba su kai wannan inganci ba. Idan aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba su yi wa ƙimar muwon nisan da ya wuce sigima ɗaya ko biyu ba. Sai an haɗa su an ɗauki matsakaici sannan saɓanin ke kaiwa sigima huɗu.

Ɗaukar matsakaici yana rage tazarar shakka ne bisa sharaɗin cewa kurakuran ba su da alaƙa da juna. Amma mafi nauyi a cikin waɗannan awo sun fito ne daga ɗakin bincike guda a Paris, a ƙarshen shekarun 1990, da na'ura da dabaru masu kama da juna. Shaidu goma da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya ba su cika goma ba. Ya kamata a lura cewa François Biraben da François Nez, waɗanda suka yi awon Paris, suna cikin marubutan takardar 2010 da ta saɓa wa sakamakonsu. Wannan ya isa ya rufe bakin mai neman fassara lamarin da kare martaba.

4.6 Muryar da Ba a Saurara Ba

Akwai wata hanyar nazarin bayanan harbi da ba ta barin layi ya lanƙwasa yadda ya ga dama. Tana ɗaure shi da sharuɗɗan nazariyya da kuma bayanai daga wasu gwaje-gwaje, kamar na ƙwayoyin payon. Höhler da abokan aikinsa sun sami kusan 0.84 ta wannan hanya tun 1976. Mergell, Meißner da Drechsel sun sami kusan 0.85 a 1996, Belushkin, Hammer da Meißner kuma suka sake samun ƙaramar ƙima a 2007. Ba a ba waɗannan sakamako nauyi a ƙimar hukuma ba. Hujjar masu suka ita ce layukan ba sa bin bayanai sosai kamar layuka marasa ɗauri, kuma tazarar shakkarsu tana da wuyar tantancewa. Hujja ce ta ilimi. Sai dai da a ce hanyar ta ba da 0.88, da wuya a tsaya bin diddigin raunin nata haka.

CODATA ya ajiye sakamakon muwon a gefe a gyaran 2010, inda ya ba da 0.8775 ± 0.0051, ya kuma sake ajiye shi a 2014, inda ya ba da 0.8751 ± 0.0061. Ana iya kare wannan mataki: ƙungiya ɗaya ce, da sabuwar dabara, a gaban awo masu yawa. Abin da ba shi da kariya shi ne riƙe ƙaramar tazarar shakka alhali ana sane da awon da ya saɓa da sigima biyar zuwa bakwai. Ko da an bar ƙimar a inda take, kamata ya yi tazarar ta faɗaɗa ta nuna cewa akwai rigima.

4.7 Karkata ta Ɗaya Gefen

Tsammani ba ya jan mutum zuwa tsohon abu kaɗai. Bayan 2010 an rubuta takardu masu yawa da ke ba da shawarar sabbin ƙwayoyi da za su bambanta muwon da elektiron, domin wanda ya gano sabon ƙarfi ya fi wanda ya gano kuskuren na'ura samun suna da tallafi. Awon girman cibiyar hiliyom da muwon, wanda Krauth da abokan aikinsa suka wallafa a 2021, ya dace da na harbin elektiron, abin da ya rage wa wannan fata ƙarfi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko 0.84 ta zama sabon buhu mai tiya arba'in. Ga wasu daga cikin sakamakon da aka samu da elektiron tun 2017: Garching, 0.8335 ± 0.0095 (2017), Paris, 0.877 ± 0.013 (2018), Jami'ar York a Toronto, 0.833 ± 0.010 (2019), gwajin PRad a cibiyar Jefferson da ke Virginia, 0.831 ± 0.014 (2019), Garching kuma, 0.8482 ± 0.0038 (2020), Jami'ar Jihar Colorado, 0.8584 ± 0.0051 (2022). Wannan jeri bai yi kama da garken da ke bin ja-gaba ɗaya ba. Paris ta wallafa babbar ƙima a lokacin da iska ta fara juyawa, Colorado kuma ta wallafa adadin da ya yi wa ƙimar muwon nisan fiye da sigima uku, bai kuma faɗa kan tsohuwar ba. Warwatsewar alama ce ta lafiya ta fuskar karkata, ko da yake tana nuna cewa har yanzu wasu suna ƙaranta tazarar shakkarsu. Paris da Garching, a awonta na 2020, tsallake ɗaya suka auna, 1S zuwa 3S, suka saɓa da kimanin sigima biyu.

5.0 Nazarin Rufe-Ido da Iyakarsa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin bincike wannan sanin ƙimar shi ne matsalar, maganinsa kuma shi ne a hana idon ganin amsa har sai an gama yanke duk wani hukunci. Dabarar tsohuwa ce. A farkon shekarun 1930 Frank Dunnington, yana auna cajin elektiron a kan nauyinsa, ya sa maƙerin na'urarsa ya ɓoye masa ainihin girman wata kusurwa, bai auna ta ba sai da ya kammala nazari.

A Brookhaven, gwajin E821 da ya auna maganaɗisun muwon tsakanin 1997 da 2001 ya raba aikin gida biyu: masu auna ƙarfin filin maganaɗisu da masu auna juyawar muwon, kowane ɓangare da ɓoyayyen adadi da aka ƙara a kan nasa, yadda babu mai iya lissafa amsar shi kaɗai. Ƙungiyar Eric Hessels a York ta bi irin wannan hanya a aikinta na shekara takwas, inda ta sake auna gocin Lamb ɗin nan na Columbia. PRad kuwa ta ɗauki wani matakin na daban: ta gwada siffofin layi iri-iri a kan bayanan kwaikwayo, ta zaɓi wanda zai dawo da amsar gaskiya ko wace ce, ta wallafa zaɓin a 2018 kafin fitowar sakamakonta. Wannan ne ya sa waɗannan awo biyu na 2019 suka fi nauyin da tazarar shakkarsu kaɗai za ta ba su.

Rufe ido ba ya gyara na'urar da ta karkace, kuma ba ya kare masu lissafin nazariyya. Brookhaven ta ba da misali a nan ma. A Fabrairun 2001 E821 ta sanar da saɓanin sigima 2.6 da nazariyya. Kafin shekarar ta ƙare, Marc Knecht da Andreas Nyffeler a Marseille suka gano cewa wani sashe na lissafin yana ɗauke da alamar ragi a inda ya kamata a sami ta ƙari. Ƙungiyoyi biyu ne suka riga suka sami alamar da ba daidai ba, dacewarsu da juna kuma ta sa kowa ya kwantar da hankali. Da aka gyara, saɓanin ya sauko zuwa 1.6. Kuskuren ya yi shekaru a kwance, sai da gwaji ya saɓa sannan aka tashi nemansa.

6.0 Abin da Ya Rage a Gaba

Gwajin MUSE a cibiyar Paul Scherrer, wanda jami'o'in Rutgers da Stony Brook suke ciki, an tsara shi ne don harba elektiron da muwon a kan furoton da na'ura ɗaya, kuma ƙungiyar ta wallafa tsarin rufe-idonta kafin sakamako. Akwai kuma gwaje-gwajen PRad-II a Jefferson da AMBER a CERN. A Janairun 2020 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta zaɓi Brookhaven a matsayin mazaunin sabuwar na'urar karo tsakanin elektiron da cibiyoyin atam, wadda za ta shekara da shekaru tana samar da bayanan cikin furoton, kuma kowane ɗayansu zai bukaci a zaɓa masa layi.

Maƙalar tana kira ga waɗannan ƙungiyoyi da mujallun da za su wallafa ayyukansu da su mayar da abu biyu sharaɗi: a bayyana siffar layi da zangon bayanai kafin buɗe sakamako, a kuma rubuta jerin binciken kuskuren da za a yi ko da amsar ta faɗa daidai kan 0.84. Kira na uku ga CODATA ne, cewa duk lokacin da ya ajiye wani awo a gefe, tazarar shakkar da zai bayar ta nuna hakan.

Kwamitin ya koma 0.8414 ± 0.0019 a gyaran 2018, sannan 0.84075 ± 0.00064 a na 2022, kuma hujjojin da ke hannu sun goyi bayan wannan ƙima. Amma bayanan PRad da na Mainz sun saɓa a wani ɓangare na zangon da dukansu suka auna, kuma masana ba su kai ga matsaya ɗaya ba kan takamaiman abin da ya ɗaga tsofaffin awon haidirojin zuwa 0.88. Muddin ba a nuna wurin da kuskuren ya shiga ba, bai kamata a ɗinke bakin wannan buhu ba.